Ranar Tashi: Ta Ina Za A Bi Da Katifar Umma?

  

Wannan makon mun ajiye maganar jarrabawa gefe guda, saboda wani saƙo da wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ta turo mana. Ta ce wa'adin hayarsu ya cika, mai gida ya ƙara kuɗi, mahaifinta ya samu wani gidan a wata unguwa, ƙarshen wata za su tashi. Gado, kujeru, kwabet, tukwane, duk an san yadda za a yi da su. Abin da ya gagara shi ne katifar mahaifiyarta, shida-da-shida mai kaurin inci 12, wadda tun ranar da aka yi jere ba ta sake leƙa tsakar gida ba. Kwana uku ke nan ana musu a gidan. "Baba ya ce a ɗora ta a saman motar Kawu. Yaya ya ce a naɗe ta a tura cikin adaidaita. Umma ta ce duk wanda ya yaga mata katifa, ita da shi." Sai ta tambaye mu, wai wa ke da gaskiya?

Mun yi dariya, amma ba mu yi da yawa ba, domin mu ma an taɓa yi da mu.

Muna kamar shekarunku muka tashi daga wani gida a cikin Birnin Kano zuwa wajen Unguwa Uku. Mai akori-kura ya yi sawu biyu, ya kwashe komai, saura katifa. Ya ce sawu na uku sai an ƙara masa kuɗi. Baba ya ce, "Haba Malam, soso ne fa, ko yaro ya ɗaga shi." Direba ya ce, "Alhaji, ba nauyinta nake caja ba, wurin da take ci." Ba su daidaita ba, ya ja motarsa ya tafi. Aka kira Kawu da ƙaramar motarsa. Muka kwance igiyar shanya, aka ɗora katifa a sama, aka zagaya igiyar sau biyu, ana shigar da ita ta wannan taga ana fitarwa ta waccan. Aka ce mu zauna mu fito da hannu mu riƙe gefe-gefe, wai don ƙarin tsaro.

A cikin lunguna lafiya lau, domin tafiyar ba ta wuce ta mai keke ba. Muna hawa Titin Zariya Kawu ya ɗan taka mota. Da farko wata ƙara muka fara ji a sama, fat-fat-fat, kamar ana kaɗe tabarma. Sai muka ji katifa tana jan hannunmu. Kafin Yaya ya gama cewa "Kawu, rage," ta zare daga ƙarƙashin igiya ta yi baya. Muka waiwaya muka gan ta a sama tana juyi, ta sauka a gaban wani bawan Allah da ke bayanmu a kan babur, ɗauke da yaransa biyu cikin kayan Islamiyya. Ya danna birki, babur ya goce, su duka uku suka zube a gefen kwalta. Kawu ya tsaya, muka kai hannu za mu buɗe ƙofa, ƙofa ta ƙi. Ashe igiyar da muka bi da ita ta tagogi ta ɗaure ƙofofin duka huɗu. Ta taga muka fita.

Allah Ya taƙaita. Mutumin ya kurje a gwiwa da gwiwar hannu, yaran sun tsorata amma ba su ji ciwo ba, motar da ke binsu kuma ta samu ta kauce, sai dai ta bi ta kan kusurwar katifar. Baba ya biya kuɗin magani, ya biya madubi da fitilar babur, abin da ya ninka kuɗin sawun da aka ƙi biya. Garin neman ƙiba aka samo rama. Umma ba ta ce uffan ba. Ta juya ɓangaren da ya yage ya kalli bango, kuma haka ya zauna har muka gama makaranta. Da motar da ke baya tirela ce, da ba wannan labarin muke ba ku ba.

Shekaru bayan haka muka gane cewa abin da ya faru ranar yana cikin littafin fizik, ba mu dai haɗa shi da katifa ba ne. Baba ya yi gaskiya, katifa ba ta da nauyi. Direba ma ya yi gaskiya, matsalarta girma. Bari mu auna ta tare. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, wato santimita 30 da ɗigo 48. Ƙafa shida ta kama kusan santimita 183. Katifa mai ƙafa shida tsawo, shida faɗi, ɗaya kauri, tana cin wuri kusan daidai da akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare. Da ruwa za a cika wannan akwatin, zai sha lita 1,000, jarka 40 ke nan irin ta 'yan garuwa mai lita 25, nauyinsa kilo 1,000. Amma soson katifa na yau da kullum mai wannan girman bai cika wuce kilo 20 zuwa 30 ba, domin kusan dukkansa iska ce a cikin ƙananan ramuka. Abu mai faɗi kuma marar nauyi, shi ne abin wasan iska. Duk wanda ya taɓa ɗauko faifan kwano ko allon katako a ka ranar da hadari ya taso ya san wannan.

Ga lissafin, kada ku tsorata da shi. Iska tana da nauyi, kusan kilo 1.2 a cikin akwatin nan mai mita ɗaya. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 16.7 a kowane sakan. Ku ninka 16.7 da kanta, za ku samu kusan 279. Ku ninka da 1.2, ku raba biyu, ya zama 167. Wannan shi ne ƙarfin da iska ke tura kowane murabba'in mita da shi, a ma'aunin niyutan. Fuskar katifarmu 1.83 sau 1.83 ce, wato murabba'in mita 3.35. Idan iska ta same ta gaba-da-gaba, turin ya kai kusan niyutan 560, kamar nauyin kilo 56. Ya fi buhun siminti. Ainihin adadin yakan ɗan sauya gwargwadon siffar abu da zafin gari, amma nan kusa yake.

Abin lura a lissafin shi ne wurin da muka ninka gudu da kansa. Ma'anarsa, in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin iska sau huɗu yake ninkawa. A kilomita 30, turin kamar kilo 14 ne, shi ya sa a lungu muka ga kamar hannunmu ya isa. A kilomita 60, kilo 56. A kilomita 90, kilo 126, buhun siminti biyu da rabi. Yanzu ku dubi yatsun ɗan shekara goma sha biyar da ya fito da su ta taga, ku gaya mana buhu nawa za su riƙe.

Wani zai ce ai katifar a kwance take a kan mota, ba a tsaye ba, iska ba ta samun fuskarta duka. Haka ne, da farko. Amma gilashin gaban mota a karkace yake, iskar da ta buge shi sama take hawa, ta sami ƙarƙashin bakin katifa da ya leƙo. Bakin ya ɗan ɗaga. Da ya ɗaga sai ya tari ƙarin iska, ƙarin iskar ta ƙara ɗaga shi, a haka cikin sakan biyu ko uku katifar da ke kwance ta miƙe. Ƙarar fat-fat ɗin nan da muka ji, gargaɗi ne. Sannan soso yana lotsewa. Igiyar da aka ja ta yi tam a ƙofar gida, bayan 'yan ramuka da tudun rage gudu ta nutse cikin soso ta saki. Mu kuma gefe da gefe kawai muka ɗaure, babu abin da ya tare katifar daga gaba zuwa baya, sai ta zare kamar wasiƙa daga ambulan.

To, ƙanwarmu, shawarar Baba ita ce irin wadda muka gwada. Ba mu ce ba ta taɓa yiwuwa ba. In babu yadda za a yi, sai a sami igiya mai ƙwari, ba ta shanya ba, ba kuma robar tiyub kaɗai ba, domin roba tana miƙewa a daidai lokacin da ake so ta tsaya. In motar tana da kariya a sama, a jikinta za a ɗaure. In babu, a buɗe ƙofofi tukuna, a bi da igiya ta cikin mota, sannan a rufe ƙofofin a kanta, don kowa ya iya fita. A ɗaure bakin gaba sosai, a ɗaure tsakiya da baya, a ƙara wata igiyar daga gaba zuwa baya. A tafi a hankali ta hanyoyin cikin unguwa, a tsaya bayan 'yar tafiya a sake ja. Kuma duk da haka ku sani rufin ƙaramar mota bai kai faɗin shida-da-shida ba, za ta leƙo kusan ƙafa guda kowane gefe, daidai tsayin kan mai babur. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana kama mota kan lodin da ya wuce ƙa'ida, kuma in suka tsayar da Kawu ba mu ga abin da zai ce ba.

Shawarar Yaya kuwa, mun san daga ina ya ɗauko ta. Duk ɗan makarantar kwana ya ƙware a naɗe katifa: a murɗe ta kamar tabarma, a ɗaure da ɗankwali ko igiyar bokiti, a saɓa a kafaɗa sai tasha. Amma waccan faɗinta ƙafa biyu da rabi ne, kaurinta inci uku ko huɗu. Mai inci 12 ba ta naɗuwa. Iyakarta a ninka ta biyu, mutum biyu su danne na uku ya ɗaure, kuma a sa kwali ƙarƙashin igiya don kada ta yanka soso. Wannan ma sai in soso ce zalla, kuma na awa ɗaya ko biyu, ba a kwana da ita a ninke ba. In mai sifirin ce, akwai waya mai kauri da ta zagaye bakinta, in ta lanƙwashe ta lanƙwashe ke nan, katifa ta samu doro har abada. In kuma irin mai taurin nan ce da ake saya wa masu ciwon baya, tsagewa take yi daga ciki. Yadda za ki gane: ki danna da tafin hannu, ki ɗaga kusurwa ɗaya. Mai sifirin tana turo hannu da sauri, wani lokaci har da 'yar ƙara. Mai tauri tana da nauyin da zai ba ki mamaki. Ko an ninka ta ma, cikin adaidaita ba zai ɗauke ta ba, a sama za ta ƙare, kuma abin hawa mai ƙafa uku marar nauyi, da faffaɗan kaya a kansa, ba ya son kwana ko iskar gefe.

Abin da muka ga ya fi shi ne abin da Babanmu ya ƙi biya. Akori-kura ko kanta, ko kurkura in tafiyar ba nisa. A tsayar da katifar a kan gefenta, a jikin bangon motar, bakinta yana kallon gaba, a ɗaure ta da ƙarfen jiki. A haka abin da iska ke samu kauri ne kawai, ƙafa ɗaya a maimakon shida, turin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin shida, kan motar kuma ya tare mafi yawansa. In sabon gidan a bayan layi yake, 'yan dako biyu da kura sun wadatar, kuma su ne suka fi kowa sanin wannan aiki. Abin da za ki gaya wa Baba, cikin ladabi, shi ne a nuna wa direba katifar tun kafin a yi ciniki, a yi jinga a kan kaya gaba ɗaya, ba a kan sawu ba. Rigimar sawu na uku takan taso ne bayan rana ta yi, kowa ya gaji, kuɗi sun ƙare. Kada kuma a bar ƙannenki su hau saman kaya, komai kukansu.

Amma duk wannan maganar hanya ce, katifa kuwa har yanzu tana ɗaki. A nan ne ɗan makaranta yake da aikin da babu wanda zai yi sai shi, domin manya ba sa awo. Sukan duba da ido su ce za ta wuce, ai da ta shiga. Ba sa tuna cewa bayan shigarta an ƙara ƙofar ƙarfe, an ɗaga dokin ƙofa saboda ruwan damina, an sa tayil, wataƙila ma an gina bayi a tsakar gida ya cinye rabin hanya. Ki ari tef ɗin tela. Tsawonsa santimita 150 ne, bai kai katifar ba, sai ki auna sau biyu ki haɗa. Ki auna katifar, ki auna kowace ƙofa daga ɗakin Umma har titi, kuma ki auna ramin da ke buɗe, ba daga bango zuwa bango ba. Sannan ki nemi Yaya ya raka ki sabon gidan ki yi haka nan. Mun taɓa ganin katifar da ta fita tsohon gida lafiya ta kwana biyu a tsakar sabo, ana neman kafinta.

Ƙofar ginin zamani yawanci santimita 210 ce tsawo, 90 faɗi. Katifa mai 183 a tsaye a kan gefenta za ta wuce ba gardama. Tsofaffin gidaje ne ke da gajerun ƙofofi. A ce ƙofar 170 ce tsawo, 80 faɗi. A tsaye ba za ta shiga ba, sai a ce a karkata ta. Nan ka'idar Fitagoras ta zo, wadda kuke haddacewa don jarrabawa. Ku ninka 170 da kanta, 28,900. Ku ninka 80 da kanta, 6,400. Ku haɗa, 35,300. Lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan ita ce kusan 188. Wato daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen, santimita 188 ne. Ya fi 183, ke nan ta wuce?

Ba ta wuce ba, kuma muna so ku riƙe wannan. Fitagoras ya ba ku tsawon layi, layi kuwa ba shi da kauri. Falankin silin mai faɗin 183 zai wuce ta wannan ƙofa. Katifa mai kaurin santimita 30 ba za ta iya cusa bakinta cikin kusurwa ba, kaurin zai tokare kafin ta kai. Ku zana a takarda mai murabba'ai, ku yanko 'yar katifar takarda daidai ma'auni ku gwada juya ta, za ku gani da idonku. Abin da zai cece ku a irin wannan ƙofa shi ne soso yana lanƙwasa, sai a tanƙwara ta kaɗan a tura. In mai sifirin ce, sai a cire ƙyauren don a sami 'yan santimita, ko a nemi wata hanya. Lissafin bai yi ƙarya ba, mu ne muka tambaye shi abin da ba shi muke nufi ba.

Sai kwana. Gidan Bahaushe na asali an gina shi ne da gangan don kada na waje ya hango ciki. Ƙofar zaure ba ta kallon ƙofar shigifa, sai ka shiga ka juya, ka sake juyawa. Hikima ce babba ga sirrin gida, amma magabatan da suka tsara ta da tabarma da gadon kara da katifar rimi suke kwana, abubuwan da ake naɗewa ko a kwance su. Ga wata ka'ida mai sauƙi ta lungu biyu masu faɗi ɗaya da suka haɗu a kwana: ku ninka faɗin lungun da 2.8, ku cire kaurin katifa sau biyu. Abin da ya rage shi ne iyakar tsawon da zai iya juyawa a tsaye ba tare da an lanƙwasa ba. Lungu mai santimita 90 ya ba da 252, a cire 60, saura 192. Katifarmu 183 ce, za ta juya da ƙyar. Lungu mai 80 ya ba da 224, a cire 60, saura 164. Ba za ta juya ba. Santimita goma kacal ne tsakanin lungunan biyu, abin da ido ba zai taɓa ganewa ba.

Wanda lissafi ke ba shi ciwon kai, akwai hanyar kakanni. A sami karan dawa huɗu, a yanka su daidai tsawon katifa, a ɗaure su murabba'i, a bi da su hanyar da katifa za ta bi. Inda kara ya maƙale, katifa ma za ta maƙale. Inda ya wuce da ƙyar, ku tuna da kauri. In gidan bene ne kuma matakala ta ƙi, akan sauke ta baranda da igiya biyu, mutum biyu a sama biyu a ƙasa, bayan an duba babu wayar lantarki a kusa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba don nauyin jinkar ba ne kawai.

Maganar ruwa gajeriya ce. Mun ce akwatin nan na iya cin lita 1,000. Ko kashi biyu cikin ɗari katifa ta sha, lita 20 ke nan, nauyinta ya kusa ninkawa, kuma cikinta zai yi kwanaki bai bushe ba, sai wari da fumfuna. In da damina za ku tashi, a naɗe ta da leda mai kauri ko tamfol, a bi da salatif, a dubi gabas kafin a fito. Wuta kuma ta fi ruwa. Soson katifa daga sinadaran man fetur ake yin sa, dangin robar da Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jamus a 1937. Yana kamawa da sauri, hayaƙinsa guba ne. Kada a jingina ta da salansa mai zafi, kada a loda ta kusa da janareta da sauran mai a tankinsa.

Akwai kuma fasinjojin da ba sa biyan kuɗin mota. Kuɗin cizo ba ya tashi sama, ba ya tsalle, a kaya yake tafiya, kuma ranar tashi ita ce ranar sallarsa. Kwana biyu ko uku kafin ranar, ki duba ɗinkin bakin katifa da ƙarƙashin tambarin kamfani da mahaɗar katakon gado. Baƙaƙen ɗigo kamar na biro, ko fararen ƙwai ƙanana da ba su wuce milimita ɗaya ba, alamarsa ke nan. Yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka ɗakin da aka ce ya daɗe babu kowa ba hujja ba ne, sabon gidan ma a duba tsagar bango kafin a shigar da kaya. Zafin da ya kai digiri 50 yana kashe shi da ƙwansa. Shi ya sa wanke zanin gado da tafasasshen ruwa yake aiki. Shanya katifa a rana tana taimakawa, amma soso mai kauri ba ya barin zafi ya ratsa, sai ƙwaron ya koma gefen inuwa, dole a riƙa juyawa ana goge ɗinkin da buroshi. Abin da muke roƙonku da shi, kada a zuba fiya-fiya a katifar da mutum zai kwanta a kai, kada kuma a fesa a ɗaki a rufe a kwana ciki. Gubar da ke kashe ƙwaro ba ta tambayar wa ke shaƙa, jarirai kuma su ne na farko.

Mun bar abu ɗaya sai ƙarshe, domin shi ne ya fi shafarku kai tsaye. A gidajenmu da yawa ƙarƙashin katifar uwa shi ne banki, shi ne kuma ofishin ajiyar takardu. Takardar haihuwa, katin rigakafi, shaidar gama firamare, sakamakon jarrabawar aji uku, takardar asalin ƙaramar hukuma, 'yar takardar lambar NIN wadda tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da ita, duk a can suke kwance cikin wata tsohuwar leda. Ranar tashi ana ɗaga katifa cikin gaggawa, gida cike da 'yan taya aiki, yara suna tattara duk wata takarda suna kaiwa bola. Sai shekara ta zagayo, an zo cike fom, a fara tambayar wa ya ga ledar nan. Wanda ya taɓa bin layin sake karɓar takardar da ta ɓata ya san kwana nawa take ci. Daren da za a tashi, ki ce, "Umma, a ba ni takardunmu in sa a jakar makaranta." Ki ƙirga su, ki rubuta sunayensu a bayan littafi, jakar kuma ta kwana a kanki, ta yi tafiya a bayanki, ba a cikin akori-kura ba.

Kuma ki bar Umma ta fara ɗaga katifarta ita kaɗai, kafin kowa ya shiga. Akwai abin da ta ajiye wanda ba na idon 'ya'ya ba ne, balle na 'yan dako. Bayan ta gama, ku lulluɓe katifar da tsohon zanin gado tun a cikin ɗaki, sannan leda. Katifar da ta raini yara biyar tana ɗauke da taswirar kowannensu, kuma ba dole ne sabbin maƙwabta su karanta ta ranar farko ba. Kun san dalilin da ya sa wasu iyalai ba sa tashi sai bayan isha'i ko da asuba. Mu dai mun fi son asubar, domin titi babu cunkoso, iska ba ta taso ba, ga haske yana zuwa maimakon tafiya.

Saboda haka, ƙanwarmu, in aka sake zama musun nan yau da daddare, kada ki ce Baba ya yi kuskure, kada ki ce Yaya ya yi. Ki ajiye takarda a gabansu: ga faɗin katifa, ga ƙofar ɗaki, ga lungun zaure, ga ƙofar sabon gida, ga kuma kilo 56 ɗin nan a gudun kilomita 60. In Baba ya tambaye ki inda kika samo, ki ce a littafin da ya saya miki. Ki rubuto mana bayan kun tare mu ji ta ƙofa ta fita ko ta katanga.

Sauran ɗalibai kuma ga aikin mako: lungu mai faɗin santimita 85, katifa shida-da-shida mai kaurin inci 10. Za ta juya kwanar ko ba za ta juya ba, kuma santimita nawa ne tsakani? Ku fara mayar da incin santimita, inci ɗaya 2.54 ne. Ku aiko da amsa tare da ajinku, za mu warware shi a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.